Caji, Caja da Caza: Amsoshin Tambayoyinku

Yawancin tambayoyin da suka iso a wannan karon a kan kalma guda suka taru, don haka na haɗa su wuri ɗaya.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Allah ya gafarta Malam, kalmar nan ta Ingilishi, charge, ta ɗaure mini kai. Ita ce ta cajin waya, ita ce ta kuɗin da banki ke cirewa, ita ce ta tuhuma a kotu, kuma mai riƙon ofis ma sai a ce in charge yake. Kalma ɗaya ce, ko kalmomi ne daban-daban suka yi kama?

Amsa: Ɗaya ce, ɗana, kuma ma'anarta ta fari ita ce ɗora kaya. In ka riƙe wannan, sauran duk za su warware maka.

Tushenta ba Ingilishi ba ne, ba ma Latin ba ne. Mutanen Gol, waɗanda suka zauna a ƙasar da yau ake kira Faransa kafin Rumawa su ci su da yaƙi, gwanayen ƙera keken dabbobi ne, kuma keken kaya karros suke ce masa. Rumawa suka ara suka mai da shi carrus. Yuliyas Kaisar ya yi amfani da kalmar a labarin yaƙinsa da ƙabilar Helbeti a shekara ta 58 kafin haihuwar Annabi Isa. Mutanen sun ƙudura yin ƙaura daga ƙasarsu, wadda ita ce Suwizalan ta yau, sai suka saye duk abin da suka iya samu na kekuna da dabbobin kaya. Da yaƙi ya yi tsanani suka jera kekunan suka mai da su ganuwa, wasu na jifa da māsu ta tsakanin ƙafafun kekunan. Wannan keken shi ne kakan cajar da ke aljihunka.

Daga carrus Latin na baya-baya ya fitar da aikatau carricare, wato yi wa keke lodi. Bakin Faransawan zamanin da ne ya lanƙwasa ta ta koma chargier. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu har kusan shekara 300. Sai a 1362 aka yi dokar cewa a riƙa yin shari'a da Ingilishi. Cikin wannan zamanin ne, a ƙarni na 13, kalmar ta fara bayyana a rubutun Ingilishi, tana nufin ɗora kaya kamar yadda ta zo.

Yadda ta yaɗu daga nan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, domin hanyar da namu aikatau ɗora ya bi ke nan. Muna ɗora wa jaki kaya, muna ɗora wa mutum nauyi, muna ɗora masa laifi, muna ɗora wa gari haraji, ɗan kasuwa kuma ya ɗora riba a kan abin da ya saro. Wanda aka ce in charge yake, nauyin wurin ne aka ɗora masa. Tuhumar kotu laifi ne aka ɗora. Kuɗin banki kuwa ɗori ne a kan abokin hulɗa. Ingilishi bai yi wani abin da Hausa ba ta yi ba.

Inda suka rabu da mu shi ne wajen bindiga. A ƙarni na 16, da bindiga da igwa suka yaɗu a Turai, sai suka kira zuba musu albarushi da wannan kalma, tunda ita ma bindigar lodi ake yi mata. Mu a nan ɗura muke cewa, kuma duk maharbin da ya taɓa riƙe adaka ya san ɗuri. A wannan ƙarnin dai ma'anar kai farmaki ta fito, wato mahaya su saita māsu su sako dawaki a guje kan abokan gaba. Shi ya sa har yau a Ingilishin littattafai dokin yaƙi sunansa charger, daidai da sunan igiyar da kake cajin waya da ita.

Ma'anar lantarki daga bindigar ta biyo. A 1745 da 1746 aka gano, a Jamus da kuma garin Laidin na Holan, cewa ana iya tara wutar lantarki a cikin kwalba, wanda ya taɓa ta fizge shi. Benjamin Franklin na Amurka, a wasiƙun da ya rubuta a ƙarshen shekarun 1740, ya yi ta kiran cika kwalbar da charge, sakin wutar kuma discharge, tamkar ɗurin bindiga da harbawa. Da ya jera kwalabe da yawa ya haɗa su, sai ya kira su battery, sunan da sojoji ke ba jerin igwa. Batir ɗinmu ke nan. Batirin da ake iya sake cikawa bayan ya ƙare sai a 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro shi, kuma irinsa ne har yau ke tayar da mota.

Tunda ka taɓo wurin, bari in nuna maka dangin, don suna da yawa kuma wasu sun daɗe a gidanmu. Car, carry da carriage duk 'ya'yan carrus ne. Cargo ta biyo ta Sifaniyanci. Career da farko hanyar kekuna ce ko filin tsere, kafin ta koma hanyar da mutum ya bi a aikinsa. Caricature, zanen da ake ƙara wa mutum girman hanci ko kunne, daga Italiyanci take, ma'anarta an yi wa hoton lodi fiye da kima. Karusa da muke da ita a Hausa ta zo ne ta Larabcin Arewacin Afirka, su kuma daga carrozza na Italiya suka samo ta, don haka ita da caji kakansu ɗaya, ɗaya ta ratso Sahara ɗaya ta biyo teku. 'Yan uwanmu da ke zaune a Sudan sun san karo, keken da jaki ko doki ke ja, shi ma ɗan gidan ne. Kafinta kuma, ko da yake ba daga carrus ya fito ba, daga wani sunan keken mutanen Gol ɗin yake, carpentum, domin kafintan farko maƙerin keke ne. Abin lura shi ne, da motar kanta ta iso mana ba mu ɗauki car ba, motor muka ɗauka.

Tambaya daga wata uwar gida a Gusau: Malam, mene ne recharge card da Hausa?

Amsa: Katin waya, Hajiya. Jama'a sun riga sun raɗa masa suna, kuma sunan ya yi.

Tambaya daga wata malamar firamare a Katsina: Malam, ɗalibaina wasu su rubuta "na caza waya", wasu "na caja waya". Haka ma canza da canja. Wanne zan ba maki?

Amsa: Malama, kin tambayi abin da na fi so a duk wannan babin, domin a nan ne ake ganin ƙarfin Hausa da ido.

Kin san ƙa'idar da kowane Bahaushe ke bi ko bai taɓa shiga aji ba. In z ko d suka zo gaban wasalin i ko e, sai su koma j. T ta koma c. S ta koma sh. W ta koma y. Kaza, kaji. Gida, gidaje. Mota, motoci. Ƙasa, ƙasashe. Ɓarawo, ɓarayi. A aikatau ma haka: kare ya ciza, ya ciji yaro, ya cije shi. Ya sata, ya saci akuya, ya sace ta. Ba wanda ya koya mana wannan da allo, da nono muka sha shi.

To, da change ta shigo ta zama canji, sai kunnen Bahaushe ya ji j a gaban i. Nan take ya yi mata lissafin da yake yi wa kaji da ciji: wannan j ɗin ai z ce da ta sauya saboda wasali. Da ya tashi yin aikatau mai ƙarewa da a, sai ya "mayar" da z ɗin da ba ta taɓa kasancewa a wurin ba, ya ce canza. Babu z a change, babu ita a Faransancin da ya haife ta, babu ita a cambiare na Latin. Hausa ce ta ƙirƙire ta da ƙa'idarta. Haka aka yi wa caji aka sami caza, har muna cewa wannan lissafin ya caza mini ƙwaƙwalwa. Kalmar da aka yi wa irin wannan aiki ta daina zama baƙuwa, ta zama 'yar gida. Masu cewa wai canza gurɓatacciyar Hausa ce ba su lura da abin da ya faru ba. Gurɓatacce shi ne wanda zai tsaya a tsakiyar zance ya ce "zan yi changing", alhali harshensa ya gama narkar da kalmar tun kafin a haife shi.

Ki dubi wani abin kuma. Kalmomin aro sukan shigo da t ko d a gaban i ba tare da sun sauya ba: fenti ba ta zama fenci ba, lodi ba ta zama loji ba, asibiti ma haka. Amma da zarar an zo jam'i, ƙa'idar ta farka: asibitoci. Wato Hausa takan bar baƙo da kayansa a ranar da ya sauka, amma duk abin da za a gina a kansa, da tubalinta za a gina.

Game da maki: canza da canja duk ana jin su a bakin Hausawa na ƙwarai, kada ki kashe wa yaro ko ɗaya, ko da yake ni canza nake rubutawa. Amma caza da caja ina ganin a raba su, tunda caja ta riga ta zama sunan na'urar. A caza waya da caja. Je ki rumfar mai caji a kowace kasuwa, inda janareta ke ƙugi a baya, wayoyi jere a kan katako kowace an manna mata lamba, rabin lambar a hannun mai ita, ki saurara. Za ki ji "kawo cajarka", za ki ji "ba ta yi caji ba tukuna". Da wuya ki ji sun rikita sunan abin da aikinsa. Abin da masu sana'ar suka bambanta, bai dace aji ya cakuɗa shi ba.

Ki kuma tuna wa yaran cewa canza ba ta kori kowa ba. Muna da sauya, da sake, da musanya, da juya, kuma ba ɗaya suke ba. Ana sake riga, ana musanya fursunoni, ana sauya sheƙa. Yaron da ya san canza kaɗai an rage masa dukiya.

Tambaya daga wani matashi a Jos: Malam, "kaina ya ɗau caji" Hausa ce?

Amsa: Hausa ce, ta zamani. Duk wanda ya taɓa batirin da ya yi zafi a jikin caja ya san abin da ake nufi.

Tambaya daga wani tela a Birnin Kebbi: Malam, da ka ce asalin kalmar ɗora kaya ne sai na tuna karin maganar nan, "kaya ya tsinke a gindin kaba". Me ya kawo kaba?

Amsa: Kaba ganyen goruba ne, da shi ake tufka igiya. Matafiyin da igiyar kayansa ta tsinke a daidai wurin, abin gyara na gabansa. Ana faɗinta in matsala ta auku a inda maganinta yake.

Tambaya daga wani dattijo a Kaduna: Malam, na ji a labarai an ce "an caje shi da laifin sata". Ni a sanina caje mutum shi ne a lalube aljihunsa. Ko ni ne na tsufa?

Amsa: Ba tsufa ba ne, Baba, kunnenka ne ke da lafiya. Wannan jimla tana daga cikin abubuwan da ke ɓata mini rai, kuma ta yi yawa a bakin masu fassara labarai cikin gaggawa.

A Hausar da muka tashi da ita, in an ce 'yan sanda sun caje gida, to sun shiga sun ɗaga katifa, sun buɗe akwati, sun leƙa ƙarƙashin gado. In an caje ka a ƙofar filin jirgi, laluben jikinka aka yi. A ganina wannan ma'anar daga wata kalmar ce dabam, search, wadda tushenta circare na Latin ne, wato zagayawa, dangin circle. Ba ta haɗa komai da keken mutanen Gol ba. Abin da ya gama su shi ne, ƙarshensu ya yi kama a kunne, kuma a wuri ɗaya Bahaushe ya fara jin su, wato caji ofis. Shi caji ofis asalinsa ɗakin da ake rubuta laifin wanda aka kamo ne, daga baya sunan ya mamaye ofishin 'yan sandan gaba ɗaya. Mutumin da aka shigar da shi wurin, a tsaye ɗaya za a zazzage aljihunsa a kan kanta, a kwance masa ɗamara, sannan a buɗe babban littafi a rubuta abin da ake tuhumarsa da shi. Abu biyu sun same shi a lokaci guda da sunaye biyu masu kama, sai suka narke suka zama ɗaya.

Tunda haka ne, mai cewa "an caje shi da laifin sata" ya ɗauko ginin jimlar Ingilishi ne ya sa mata rigar Hausa, ya kuma jefa mai sauraro cikin ruɗu. Kuma ba rashin kalma ne ya sa shi ba. Muna da zargi, wanda kowa ke iya yi, ko da hujja ko babu. Muna da tuhuma, wadda hukuma ke yi a rubuce. Muna da gurfanarwa, ranar da aka tsayar da mutum gaban alƙali aka karanta masa tuhumar. Sannan a same shi da laifi ko a wanke shi, sannan hukunci. Matakai ne, kuma mutuncin mutum yana rataye a kan bambancinsu. Wanda ake zargi ba lalle a tuhume shi ba, wanda aka tuhuma ba lalle a same shi da laifi ba. In mai karanta labarai ya dunƙule su, sai a wayi gari unguwa ta yanke wa bawan Allah hukunci tun alƙali bai zauna ba, an rataya masa jakar tsaba kaji na bin sa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma gyaransa bai wuce mai fassara ya dakata ya tambayi kansa wane mataki ake kai ba.

Na san lauyoyi da 'yan sanda a tsakaninsu sukan ce caji suna nufin takardar tuhuma, kuma ban hana su ba, yaren aikinsu ne. Maganata da wanda ke magana da miliyoyin mutane ne, ciki har da tsohuwar da ke sauraro a ƙauye. Ita a ce mata an tuhume shi da sata.

Haka ma discharge. In asibiti ne, an sallame shi. In kotu ce, an sallame shi, in kuma har an tabbatar ba shi da laifi, an wanke shi. Ba mu da bukatar aro a nan ko kaɗan.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: Malam, mu da muka yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, da sh muka koyi kalmar charge, ku kuma da c. Wa ya fi daidai?

Amsa: Kowa daidai yake a gidansa, Alhaji. A zamanin da Ingilishi ya ari kalmar, Faransawa da kansu da c suke furta ta. Daga baya bakinsu ya sauya zuwa sh, Ingilishi kuma ya riƙe tsohon furucin. Shi ya sa Ingilishi ke da chief da chef, kalma ɗaya da aka ara sau biyu, ta farko da tsohon furuci, ta biyu da sabo. Charrette da kuka sani, wato amalanke a Faransanci, ita ma jikar carrus ce.

Tambaya daga wata ɗaliba a Bichi: Malam, a Facebook da WhatsApp kowa chaji yake rubutawa, wasu ma charji. Ba laifi?

Amsa: Da laifi, 'yata. Turawan farko da suka rubuta Hausa da boko sun yi amfani da ch, kuma sawunsu ya rage a sunayen garuruwa irin su Bauchi da Kachia da garinku, kamar yadda Faransawa suka bar tch a Dogondoutchi. Waɗannan sun zauna a taswira da takardun hukuma, a bar su. Amma a rubutun Hausa, tun shekarun 1930 c ita kaɗai ke ɗauke da wannan sauti, kuma ba ta da wani aikin da ya wuce shi, to me h ta zo yi? Wanda ke rubuta chaji shi ne gobe zai rubuta chi da abinchi, kuma na ga masu yin hakan da yawa, har da waɗanda suka yi digiri. Ita kuma r ɗin charji ba wanda ke furta ta, daga rubutun Ingilishi aka kwaso ta. Ki rubuta caji, caja, caza, canji, ko da ke kaɗai ce a zauren ke yin haka.